Tagar Bangon Yamma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwana mata masu bibiyar wannan labari a wayoyinku, ina yi muku gaisuwar Musulunci. Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Kulu, shekaruna saba'in da ɗaya, ina zaune a Yelwa ta ƙasar Yawuri, inda nake karantar da matan aure Ahalari da Iziyya a zauren gidanmu tsakanin azahar da la'asar. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya haskaka makwancinsa. Amma ba a Yelwa aka binne cibiyata ba. A Gungun Marke aka haife ni, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, wanda ruwan dam ɗin Kainji ya rufe ina da shekara goma sha biyar. Gonakin albasarmu, da kaburburan kakanninmu, da masallacin da mahaifina yake jan zikiri a cikinsa, duk suna ƙarƙashin tafkin nan, kifi yana kai-komo a kansu.

Abin da zan faɗa muku yau ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba. Ina roƙon Allah Ya sa kada ya zama tona asirin da Ya rufa.

Jikata Salma, ɗiyar ɗana Yakubu, karatun zane take yi a jami'a a Zariya. Da hutun ƙarshe ta dawo mana da wandonta mai faɗin ƙafa duk ya sha fenti, da gyale a ɗaure kamar na mai sayar da fura, ta dire jaka a tsakar gida ta ce, "Kaka, masallacinku zan gina."

Na ce, "Wane masallaci, 'yar nema?"

"Na Gungun Marke. Shi ne aikina na kammala karatu. Ƙarami zan yi, iyakarsa ƙirjina. Mutum zai durƙusa ya leƙa ta ƙofa, sai ya ji muryoyin masu zikiri suna tashi daga ciki."

Na ce mata abin da ruwa ya ci ba a tayar da shi da laka. Ta ce ai ba tayar da shi za ta yi ba, tuhumar ruwan za ta yi. Ban gane ba, amma na ba ta rumfar da nake shanya kuka.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Cikin ɗalibaina akwai mata shida da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suna fake a wani kango a bayan gidanmu. Salma ta roƙe su su mulmula mata tubali ƙanana, kowanne bai wuce ƙwan agwagwa ba, kowace ta danna babban yatsanta a jikin wanda ta yi. Ta ce masallacin waɗanda ruwa ya kora, hannun waɗanda wuta ta kora ne ya dace ya gina shi. Ni kuma nawa shi ne in zauna a kan kujera 'yar tsugunno in riƙa zayyanawa: zankwaye huɗu, na kudu ya ɗan karkace, indararo biyu na giginya, ƙofa gajera wadda ko yaro sai ya sunkuya, daɓen ƙasa ja wur saboda makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa. Daɓen na san shi sarai, domin mu mata ne muke shiga mu buga shi shekara-shekara muna waƙa ƙasa-ƙasa.

Bango ya tashi lafiya. Rufi ne ya ƙi. Sau biyu tana ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin nan da ke tallafe rufin soro, sau biyu yana zubewa. A karo na biyu ta zauna dirshan cikin laka, ta ce, "Kaka, duk tsibirin nan babu wanda ya rage da ya san yadda aka ɗaura shi?"

Da na yi shiru, da yau ba na rubuta muku wannan. Amma tausayinta ya kama ni, na ce, "An ce ɗan magini yana nan da ransa a Wara."

Ranar kasuwar Wara ta tafi. Ta dawo da yamma hancinta na sheƙi, da zane-zane cike da littafinta, da lambar waya. Cikin kwana huɗu bakan gizo ya tsaya. Ta ɗauki hoton ginin ta kowace kusurwa ta tura masa. Muna zaune ina tsince shinkafa a faifai sai wayarta ta yi ƙara, ta ce saƙon murya ne, ta danna.

"Assalamu alaikum, jikata. Na ga aikin da kunka yi, Allah shi yi albarka. Bakan ya zamna daidai, ko Baba ya gani ba shi kushewa. Sai dai abu guda. Bangon yamma akwai taga, 'yar ƙarama, faɗin tahin hannu, bisa kahwaɗar mutum in shina zamne. Wanda ya ba ki labarin masallacin nan ya san da ita. Ɓoye ta ya yi."

'Yan'uwa, shekara hamsin da shida rabona da muryar nan. Ta dushe, ta yi kauri, haƙora sun zube daga cikinta. Amma inda yake jan numfashi kafin ya kai ƙarshen magana yana nan yadda na san shi. Na duba faifai, sai na ga tsakuwar nake mayarwa cikin shinkafa, shinkafar nake watsa wa kaji.

Salma ta zuba mini ido. "Kaka, akwai taga?"

"Tsufa ne. Mutum ya kan manta."

"Kin tuna zankon da ya karkace, kin manta taga?" Ta matso ta dafa gwiwata. "Bari in tambaye ki. Kin kama sunan liman, kin kama na ladan, har na kurman da ke sharar masallaci kin kama. Sunaye biyu na san ba ki faɗa, na marigayi Kaka Malam da na ɗan farinki. To shi wannan Malam Sahabin, da kike ta ce wa ɗan magini, ɗan magini, a wane layi yake?"

Na ce, "Tashi ki ba ni wuri, marar ta-ido. Zariya ta lalata ki."

Ta tashi tana dariya. Ni kuwa na shiga ɗaki na shimfiɗa darduma ba lokacin salla ba.

Ga abin da na ɓoye mata.

Mahaifina muƙaddami ne na ɗariƙar Tijjaniyya. Kowace Juma'a bayan la'asar maza su kan taru a masallaci, a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, a yi ta hailala har rana ta faɗi. Mata ba su shiga. Ni kuwa tun ina ƙarama zikirin nan ya kan ja ni kamar yadda igiya ke jan guga. Sai in ɗauki kwandon albasa in tafi bayan masallaci, gindin marken da tsibirin ya ci sunansa, in jingina da bangon yamma ina gyaran albasa na ƙarya, ina kasa kunne. Bangon mai kauri ne, ba ka jin kalma, sai dai gunji, kamar kudan zuma a cikin amya.

Shi ɗan magini yana taya mahaifinsa gini. Wata rana da rani suna yaɓen masallaci, yana bisa tsani, ya hango ni kunnena manne da bango. Juma'ar da ta biyo na zo na tarar da rami a daidai inda nake aza kaina, an shafe bakinsa sumul da makuba. Da aka fara zikiri, sai ga "La ilaha illallah" tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, har ina rarrabe muryar mahaifina daga ta sauran. Na yi kuka a ranar, na ɗora wa albasa laifi.

A ciki kuwa rigima ta tashi. Rana in ta karkata yamma sai haskenta ya ratso ta ramin ya sauka a tsakiyar farin ƙyallen nan. Liman ya ce a toshe, wa ya ba yaro izinin huda ɗakin Allah? Magini ya ɗauko tsumagiya zai zane ɗansa a gaban jama'a. Mahaifina ya daɗe yana kallon hasken, sannan ya ce, "Ku bar ta. Wanda ya buɗe wa ambaton Allah hanya ba a dukansa." Daga baya na gane ya san wadda aka buɗe wa. Kafin damina ta kama an kawo goron gaisuwa gidanmu daga gidan magini, an karɓa.

Sai maganar ruwa ta zo. Ma'aikata suka shigo da kwalekwale mai inji suna ƙirga gidaje, suna shafa fenti a ƙofofi. Aka ce kowa zai tashi. Dangin magini aka rubuta su cikin masu komawa sababbin gidajen siminti ta wajen Wara. Mahaifina ya ce shi ba zai kwana ƙarƙashin rufin da ba azara ba, zai koma Yelwa kusa da zawiyyar shehinsa. A cikin wannan ruɗani kowa ta kansa yake yi, babu wanda ya sake tayar da zancen aure. Manya na ganin in an natsu a yi. Ba a san natsuwar za ta ɗauki shekaru ba.

Juma'ar ƙarshe, ƙanwar ɗan magini ta raɗa mini cewa in je gindin marke bayan an watse. Na je. An riga an kwashe tabarmi da allunan masallaci, har ƙyauren an cire. Na zauna a wurina. Sai na ji muryarsa daga ciki, ta tagar, kusa da kunnena har ina jin hucin numfashinsa.

Ya ce, "Ɗiyar Malam, gobe muna tashi. In kina son in biyo ku Yelwa in an kwana biyu, in tsaya kan maganarmu, ki hwaɗa mini."

Ku da kuka yi karatu kun san abin da littafi ya ce: budurwa in an nemi yardarta, shirunta shi ne izininta. Da wannan aka raine ni. A gidanmu yarinyar da ta buɗe baki ta ce "ina so" ta zubar da mutuncin ubanta. Saboda haka na sunkuyar da kai, na rufe fuska da gyale, na yi shiru, shiru mai kyau, irin wanda aka koya mini. Zuciyata fari ƙal, ina ganin na ba shi amsar da ta fi kowace amsa. Ya maimaita har sau uku. Sau uku ina ba shi ita. Sannan na ji takunsa ya fita ta ƙofa.

Na jira shi a Yelwa damina uku. Bai zo ba, bai aiko ba. Na yanke cewa ya ga 'yan matan Wara ya sake shawara. A ta huɗu aka nemi yardata ga wani almajirin mahaifina, na yi shirun da na iya, aka ɗaura. Kuma ina shaida wa Allah mutumin kirki na aura, ban taɓa nadamar zama da shi ba. Sai dai akwai ɗaki guda a zuciyata da na kulle, ban shiga ba, ban kuma bari an share ba.

Kwana biyu bayan saƙon farko, ashe Salma ta koma ta tambaye shi labarin tagar. Ta same ni da hantsi ina shafa man zafi a gwiwa, ta zauna a bakin gado, babu dariya a fuskarta. Ta ce, "Kaka, wannan ba nawa ba ne, naki ne." Ta danna ta ajiye wayar a kan cinyata.

Ya ba ta labarin duka, yadda na ba ku. Da ya zo kan Juma'ar ƙarshe sai ya ce:

"Na yi magana har sau ukku, jikata. Ba kowa. Na kasa kunne ko motsin ganye in ji, ban ji ba. Ramin ƙarami ne, ba a ganin mutum ta ciki. Na ce to, ba ta zo ba, ɗiyar malamai ta ga ɗan laka ba shi da gari yanzu, ba shi da gona. Kunya ta hana ni zagayawa in duba. Ban ƙara taka Yelwa ba sai da nij ji an yi mata aure."

Taku goma ne tsakanin ƙofar masallacin da gindin marke. Na sha ƙirga su ina yarinya.

Saƙon bai ƙare ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Uwar ɗiyana ta rasu shekara huɗu ke nan. Ni ba yaro ba ne, ba ni da abin burge kowa, ido ɗaya ma ya tahi. Amma in Malama ba ta ƙyamar tsoho, ina son in aiko ƙanena wurin ɗanta. Ba sai ta bar ɗalibanta ba, ni ka zuwa. Ko ba komi, in samu wanda in na ce gindin marke ba sai na yi bayani ba. In ba ta so, kada ta wahal da kanta da amsa. Na saba."

Wannan "na saba" ita ta kwantar da ni yini guda.

Magana ba ta ɓuya a gida mai mata. Kafin Alhamis ta kai kunnen Yakubu. Shi ne ɗana na uku, shi ya rage mini a maza, ma'aikaci ne mai ganin girman kansa, kuma a mazhabarmu ɗa shi ne kan gaba a waliccin uwarsa, ko da ya fi son kada a tuna masa. Ya shigo da farar shaddarsa mai aiki a wuya, ya tsugunna a bakin ƙofa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo wadda na san akwai abu a bayanta.

"Inna, wata magana nake ji, na ce ba zan yarda ba sai daga bakinki."

"Ka ji daga bakin wa?"

"Inna, da jikoki goma sha tara? Me na rage ki da shi? In ɗakin nan ne ya yi zafi a sa miki fanka ta sola. In Umra kike so, ki faɗa."

"Na ce maka fanka nake nema?"

"To me mutane za su ce? A ce uwar Yakubu ta yi auren ɗauki-sandanka da wani tsohon magini mai ido ɗaya? A ofis da wane ido zan dubi mutane?" Ya juya wajen rumfa inda Salma take shafe zanko da ɗan tsinke. "Duk ke kika jawo, da wasan lakarki. An tura ki karatu kin dawo kina haɗa aure."

Salma ta ce, "Baba, ni rufi na je tambaya."

"Rufe mini baki."

Ya sassauta murya ya ce, "Inna, ba sai kin ce komai ba. Na san kunyarki. Ki yi shiru kawai, ni zan aika a ba shi haƙuri cikin mutunci. Gobe in an sauko Juma'a zan shigo, in ban ji komai ba shi ke nan." Ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita.

Da azahar ɗalibai suka zo, na kasa karatu. Sau biyu ina tsallake layi a babin taimama. Da aka tashi, Halimatu ta tsaya. Ita ce babba cikin matan da aka koro, mijinta da ɗanta duk a hanya aka kashe su, ba ta cika magana ba. Ta naɗe tabarma, ta jingine, sannan ta ce, "Malama, ki gafarce ni, mun ji abin da ake ciki."

Na ce, "Har ku?"

"Kango ba shi da ƙyaure, Malama, komi shigowa yakai." Ta gyara goyon jikarta. "Ni dai abu guda na sani. Da munka baro garinmu, na ɗauka gida shi ne ɗaki da rumbu. Yanzu da za a ce ga mutum guda da ya san ni tun ina da suna, ba 'yar gudun hijira ba, ko kuturu ne sai na bi shi in gaishe shi. Ku naku garin ruwa ya ci, ba ku da ranar komawa. In wani yanki nasa ya taso ya biyo ki, ban san abin da ake jira ba."

Ba ta jira amsa ba, ta sa takalmi ta tafi.

Na yi istihara. Ba zan ce na yi mafarki ba, domin ban yi ba, kuma ba na son ƙara wa labari gishirin da zan amsa tambayarsa gobe ƙiyama. Abin da na samu shi ne, da na idar da sallar walha ranar Juma'a, sai wata mas'ala da na karantar da mata ba sau ɗari ba ta faɗo mini kamar yau na fara jin ta. Hukuncin da ya ce shirun budurwa izini ne, bai tsaya nan ba. Ya ce wadda ta taɓa aure, ita sai ta furta da bakinta. Shekara arba'in ina karanta wa mata rabin nan na biyu, ban taɓa lura da ni ake ba.

Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ruwan ƙasa wadda ban taɓa sawa ba tun da aka kawo mini ita tsarabar Makka, na sa kwalli. Salma ta gan ni ta buɗe baki, na ce in ta yi magana sai na fasa. Ta rufe.

Yakubu ya shigo bayan an sauko, da darduma a kafaɗa. Ya ga kwallin, ya kawar da kai.

"Inna, to in aika?"

"Zauna tukuna." Ya zauna a kan turmi. Na ce wa Salma, "Ina ake dannawa?"

Ta nuna mini, ta ce in riƙe kada in saki sai na gama. Ta ɗora yatsanta a kan nawa.

Na yi sallama. Sannan na kama sunan da ban kama ba tun ina budurwa, a gaban ɗana da jikata. Na ce, "Malam Sahabi, Kulu ce. Ranar nan ina wurin. Duk sau ukun ina wurin, na ji ka. Ka aiko ƙanen naka."

Na saki.

Yakubu ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta, bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Can ya ce, a hankali, kamar yaron da na yaye, "Inna, Baba ya sani?"

Na ce, "Bai tambaya ba, ban kuwa ci amanarsa ko da ƙiftawar ido ba. Wannan ka riƙe."

Salma tana ta kallon wayar. Na ce mene ne? Ta ce alama ɗaya ce ta fito, saƙon ya bar nan amma bai isa can ba. Unguwarsu ba sabis, sai ya hau tudun bakin kasuwa yake samu, kuma ya gaya mata ƙafarsa ba kullum take yarda ya hau ba.

Yau kwana uku ke nan. Wayar tana kan dardumata, kusa da tasbaha. Yakubu bai shigo gaishe ni ba jiya, yau ya aiko da kifi. Alamar tana nan guda ɗaya. Ɗazu Salma ta leƙo ta ce gobe akwai jirgin ruwa mai zuwa Wara da hantsi, in ina so ta je ta kunna masa da hannunta.

Na ce mata ta tambayo ko jirgin yana da wurin zaman mutum biyu.